Yadda Mai Motar Tarihi Zai Kare Kansa a Kotu Idan An Rubuta Masa Tikiti a Amurka

Duk wanda ya ajiye motar shekarun 1950 ko 1960 yake fita da ita a titunan Amurka, ba daɗe ba jima sai ya hango fitilar ɗan sanda a madubinsa. Sau da yawa motar ta girmi ɗan sandan da ya tsayar da ita. Bai taɓa ganin mota mai danja ɗaya ba, bai san an yi zamanin da ake ƙera mota babu bel ɗin kujera ba, ga shi ya buga lambar shasinta a kwamfuta ta ƙi fitowa. Sai ya rubuta tikiti, wato takardar tuhumar laifin hanya, ya bar wa alƙali sauran aikin.

Na sha shiga kotun laifuffukan hanya a kan irin wannan, wani zubin don kaina, wani zubin ina rakiyar abokai masu tsofaffin motoci. Abin da nake son sabon shiga ya riƙe tun daga nan shi ne, alƙali ba zai sallame ka don motarka ta ƙayatar da shi ba. Takardu biyu ne ke fitar da mutum: wadda ta tabbatar da ranar da aka ƙera motar, da sashen dokar da ya ambaci wannan rana. Kowace jiha da tata dokar, saboda haka misalan da zan kawo na nuna hanya ne, kai kuma ka duba ta jihar da aka tsayar da kai.

Abin da za ka tanada

- Tikitin kansa, da hotonsa gaba da baya a wayarka.
- Lasin tuƙi, takardar mallakar mota, katin rajista da takardar inshora.
- Sashen dokar da aka rubuta a tikitin, a buge a takarda, har da sassan da ke gabansa da bayansa.
- Shaidar ranar ƙira: hoton farantin kamfani da ke jikin ƙofa ko cikin ɗakin inji, littafin motar na asali, ko satifiket daga ma'ajiyar kamfanin.
- Hotunan motar da na wurin da aka tsayar da kai, su ma a buge. Kotuna da dama ba sa son a miƙa wa alƙali waya, wasu ma ba a shiga da ita.
- Rasit na duk gyaran da ya shafi maganar.
- Tarihin tuƙinka daga ofishin rajistar motoci na jiha, in dai mai tsabta ne.
- Kwafi uku na kowace takarda: na alƙali, na ɓangaren gwamnati, da naka.

1. A bakin titi

Ka tsaya, ka kashe inji, ka ɗora hannuwa a kan sitiyari. In an tambaye ka ko ka san gudun da kake yi, kada ka yi ƙiyasi, don duk abin da ka faɗa yana shiga littafin ɗan sandan kuma zai karanto shi a kotu. In laifin na kayan mota ne, ka faɗa masa sau ɗaya cikin ladabi cewa motar ƙirar shekara kaza ce, haka ta zo daga kamfani. In ya karɓa, madalla. In bai karɓa ba, ka bar musu.

Ka sa hannu a tikitin. Sa hannun alkawari ne cewa za ka amsa kiran kotu, ba amsa laifi ba ne, kuma a wasu jihohin ƙin sa hannu kan kai mutum ga kamu. Da ya tafi, ka ɗauki hotuna, ka rubuta lokaci, yanayin gari, layin da kake, motocin da ke kusa da kai, inda motarsa take a fake, da inda za ka a wannan tafiyar. Wannan na ƙarshen zai yi amfani a mataki na uku.

2. Karanta tikitin, kuma kada ka yi saurin biya

Biyan tara amsa laifi ne. Da ka biya magana ta ƙare, maki, wato alamar laifi da jiha ke tara wa direba, ya hau lasinka in laifin mai maki ne. Ga mai motar tarihi wannan ya fi kuɗin tarar ciwo, domin kamfanonin da ke yi wa irin waɗannan motoci inshora mai rahusa suna yin ta ne bisa sharaɗin tsabtar tarihin tuƙi. Kuma kada ka ce ai a wata jiha abin ya faru. Yawancin jihohi suna aika wa juna hukuncin da aka yanke wa direba.

Abu biyu za ka nema a jikin tikitin: ranar ƙarshe ta ba da amsa, da lambar sashen doka. Ranar ka sa ta a kalanda nan take. Wanda ya bari ta wuce, ana iya ƙara masa tara, a dakatar da lasinsa, a wani wurin har a fitar da takardar kama shi. Sashen dokar kuma ka nemo shi a shafin intanet na majalisar dokokin jihar, ka karanta shi da kanka kalma bayan kalma. Kada ka dogara da abin da aka faɗa maka a wurin baje kolin motoci. A can kowa lauya ne.

Kuskuren launin mota ko na harafi ɗaya a sunanka ba ya kashe tikiti, kotu gyarawa take yi. Amma in an rubuta shekarar motar ba daidai ba, ko sashen dokar da bai shafe ta ba, ka ja layi a wurin.

3. Gane irin laifin

A nan ne aka fi yin ɓata, domin tsufan mota yana taimako a wani laifin, a wani kuma shi ne ke ɗaure mai ita.

*Laifin kayan mota.* Nan ƙarfinka yake. Dokar tarayya ta wajabta wa kamfanoni sa bel a motocin fasinja ne daga 1 ga Janairu 1968, kuma a lokacin ne aka shigo da alamun haske na gefen mota. Danja ta uku da ke tsakiyar baya sai a ƙirar 1986 ta zama dole. A Kalifoniya, motar da aka ƙera aka yi mata rajista kafin 1 ga Janairu 1958 fitilar baya ɗaya ta ishe ta, kuma ba a tilasta mata sigina ba, direba na iya nuni da hannu: miƙe hannu sambal hagu ke nan, lanƙwasa shi sama dama, ƙasa kuma tsayawa. Galibin jihohi ba sa neman ka sa wa mota abin da ba a ƙera ta da shi ba.

Sai dai akwai ramuka. Wasu jihohi sun riga tarayya tilasta bel ɗin gaba, Wiskonsin tun 1961, don haka motar tsakiyar shekarun 1960 tana iya faɗawa cikin dokar jiha ko da ta tsallake ta tarayya. In kai ko mai motar na da kun sa bel daga baya, a wurare da yawa wajibi ne ka ɗaura shi. Dokar kujerar yara kuma dabam take, sassaucin da aka yi wa tsohuwar mota ba lallai ya kai gare ta ba, ni kuwa ko doka ta yarda ba na ba kowa shawarar ɗaukar ƙaramin yaro a motar da ba bel. Sannan abin da motar ta zo da shi dole ya yi aiki. Danja ɗaya halas ce, matacciyar danja laifi ce.

Ƙarar salansa ma tana cikin nan. Kalifoniya ta sa iyakar desibel 95 ga ƙananan motoci, kuma akwai cibiyoyin gwaji na jiha da za su auna su ba ka takarda. Wannan takardar ta fi bayanin sa'a guda.

*Laifin lamba da yadda aka yi amfani da motar.* Nan kuma a yi hattara. Lambar motar tarihi tana da araha ne saboda an taƙaita fitar motar. A Bajiniya, misali, motar da ta kai shekara 25 tana iya samun wannan lamba, a je da ita baje koli, fareti, taron ƙungiya, gwaji bayan gyara, da ɗan yawon shan iska da bai wuce mil 250 daga gida ba. Zuwa wurin aiki da ita kullum haramun ne, kuma wanda kotu ta samu da laifin ana janye rajistar motar har shekara biyar. Shari'ar irin wannan tikiti kacokan a kan tambaya ɗaya take: ina za ka? Ka kawo takardar gayyatar taron, ko rasit ɗin garejin da ka nufa mai kwanan watan ranar. In kuwa gaskiyar magana wurin aiki za ka, kada ka ƙirƙiri taro. Ƙarya bayan rantsuwa laifi ne da ya ninka tikitin sau ba adadi. Ka nemi sassauci, sannan ka koma lambar gama-gari in kana son hawa motar kullum.

Wasu jihohi suna barin a liƙa wa mota tsohuwar lamba ta shekarar da aka ƙera ta. Irin wannan lamba takan rikita kwamfutar 'yan sanda. Takardar amincewar ofishin rajista ce maganinta.

*Laifin tuƙi.* Gudu, ƙin tsayawa a danjar hanya, bin mota kurkusa. Doka ɗaya ce ga sabuwa da tsohuwa. Kada ka kuskura ka ce wa alƙali birkinka irin na da ne shi ya sa ba ka tsaya ba. Ka gaya masa ke nan da bakinka cewa ka fito da motar da ba ta dace da titi ba.

4. Tabbatar da ranar ƙira

Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ta fara ne daga ƙirar 1981. Kafin nan kowane kamfani da tsarinsa, wasu tsofaffin ma da lambar inji aka yi musu rajista. Saboda haka kada ka zaci alƙali zai duba lambar ya gane shekara. Kai za ka fassara masa, da shafin littafin kamfani da ya nuna ma'anar kowane harafi.

Ka lura da kalmar da dokar ta yi amfani da ita. Wata ta ce ranar ƙira, wata ta ce shekarar samfuri, wata ta ce ranar rajistar farko, kuma ba abu ɗaya ba ne. Kamfanonin Amurka sukan fara fitar da samfurin sabuwar shekara tun watan Satumba ko Oktoba na shekarar da ta gabata, don haka motar da takarda ta kira ta 1968 tana iya zama an haɗa ta a ƙarshen 1967. Watanni uku sun isa su juya hukunci.

In farantin ƙofa ya ɓace ko tsatsa ta cinye shi, akwai mafita. Motocin Ingila irin su MG, Triumph da Austin-Healey, gidan tarihin motoci da ke Gaydon a Ingila yana ba da satifiket daga littattafan masana'anta. Motocin Ford daga 1967 zuwa sama akwai rahoton Marti, wanda wani kamfani mai wannan suna ke cirowa daga bayanan masana'antar Ford. Waɗannan kan ɗauki lokaci, don haka in ranar kotu ta matso, ka roƙi akawun kotu ya ɗage maka tun da wuri. In duk babu, takardar mallaka da wasiƙar wani gogaggen bakanike mai sa hannu sun fi zuwa hannu rabbana.

5. In gudu ne, a auna maleji kafin a taɓa shi

Malejin tsohuwar mota, wato agogon da ke nuna gudu, da kebur yake aiki. Kebur ɗin na juyawa daga giya, yana juya wani ɗan maganaɗisu, shi kuma yana jan allura, siririn sifirin na riƙe da ita. Bayan shekara hamsin maganaɗisun ya yi rauni, man ciki ya daskare. Ga kuma canjin taya ko na giyar aksil na baya, wanda kusan kowace tsohuwar mota ta sha. Lissafin mai sauƙi ne. In asalin tayar tsayinta inci 26 ne ka sa mai inci 28, duk juyi ɗaya motar ta ƙara nisa, maleji bai sani ba. Yana nuna maka mil 60, alhali kana kusan 65.

Ka kai motar wurin masu auna maleji, waɗanda ke ɗora tayoyi a kan na'ura mai birgima. Su ba ka takarda mai nuna abin da allura ta ce da ainihin gudun a matakai dabam-dabam, da kwanan wata, da lambar motar, da sa hannu. A wasu wuraren sai an buga mata hatimin rantsuwa, ka tambaya. Babban kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ruga ya gyara malejin tukuna, sannan ya je awo. Ya goge hujjarsa da hannunsa. Awo da farko, gyara daga baya, sannan awo na biyu, ka je kotu da takardu biyun da rasit a tsakaninsu.

In babu mai wannan na'ura kusa da kai, ka sa wani ya zauna a gefenka ya ɗauki bidiyon allurar tare da manhajar waya mai auna gudu ta tauraron ɗan'adam, a hanyar da ba cunkoso, cikin iyakar doka. Ba ta kai takardar masu awo nauyi ba, amma wasu alƙalan sukan duba.

Ka san iyakar wannan hujja. A yawancin jihohi gudu laifi ne ko ka sani ko ba ka sani ba. Takardar awo rage nauyi take yi: a sauko da adadin mil ɗin, ko a mayar da laifin na lalacewar kayan mota wanda ba shi da maki. In kuma awon ya nuna malejinka ƙara gudu yake yi, ba ragewa ba, wannan takarda ba taka ba ce, ka bar maganar maleji gaba ɗaya.

6. Zaɓi hanyar da za ka bi

In tikitin na gyara ne, wato wanda ya ce ka gyara wani abu a motar ka kawo shaida, ka gyara, jami'in da doka ta amince da shi ya duba ya sa hannu, ka kai kotu. A Kalifoniya dala 25 ake biya a kan kowane laifi irin wannan a rufe maganar. Amma ka yi tunani kafin ka huda jikin motar asali don ka sa abin da doka ba ta nema daga gare ta ba. Rami ɗaya a mota mai asalin fenti ba ya komawa. Irin wannan tikitin gara a yi shari'arsa.

In laifin tuƙi ne ƙarami kuma ka san ka yi, makarantar tuƙi ta kotu ita ce hanya mafi sauƙi. A Kalifoniya sau ɗaya ake yarda da ita cikin wata 18, tana ɓoye makin daga idon kamfanin inshora.

Kalifoniya tana kuma da shari'a a rubuce. Ka ajiye kuɗin tarar, ka aika bayaninka da takardunka, ɗan sanda ya aika nasa, alƙali ya yanke. In ka yi nasara a dawo maka da kuɗinka, in ka faɗi kana da kwana 20 ka nemi sabuwar shari'a ido da ido. Ga mai motar tarihi ban ga hanyar da ta fi wannan ba, domin hujjarmu ta takarda ce, kuma alƙali na samun natsuwar karantawa.

A kotuna da yawa ana iya zama da mai gabatar da ƙara kafin shari'a a daidaita a kan ƙaramin laifi. A birnin New York kuwa, ofishin da ke sauraron laifuffukan tuƙi ba ya yin wannan ciniki, ko ka ci ko a ci ka.

Akwai inda lauya ya zama dole. A Bajiniya, wuce iyaka da mil 20 ko haura mil 85 a awa tuƙin ganganci ne, laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har wata 12 da tarar da ta kai dala 2,500. Haka in an yi hatsari, ko lasinka na bakin dakatarwa, ko kana da lasin manyan motoci da kake cin abinci da shi, ko zamanka a ƙasar bai gama daidaita ba. A duk waɗannan kada ka shiga kai kaɗai.

7. Nemi abin da ke hannun ɗan sanda

In ka musanta laifi, ka rubuta wa kotu da ofishin 'yan sandan kana neman bayanan da ya rubuta a ranar, bidiyon kyamarar motarsa ko ta ƙirjinsa, da takardar gwajin na'urar rada ko ta leza. In da motarsa ya bi ka ya auna gudunka, ka nemi takardar awon nasa malejin. Ka ajiye shaidar aikawa. Ko ba su amsa ba, za ka iya nuna wa alƙali cewa ka nema.

8. Ranar shari'a

Kada ka je da motar. Ana sha'awar a nuna ta, amma alƙali ba zai sauko farfajiya ya duba ba, kuma in tana ɗauke da lambar tarihi, tafiyar kotun kanta tana iya zama sabon laifi. Ka je da wata motar, da wuri, da tufafi masu mutunci. In Turancinka bai kai na kotu ba, ka nemi tafinta wurin akawu tun kwanaki kafin ranar. Ka zauna ka saurari waɗanda suka riga ka, za ka gane abin da ke ɓata wa wannan alƙalin rai.

Ɗan sanda ne ke fara magana. Kada ka katse shi, ka rubuta abin da za ka tambaya. In aka ba ka dama, tambayoyi gajeru: ya duba shekarar motar kafin ya rubuta? Ya ga alamar wurin ɗaura bel a jikinta? Yaushe aka gwada na'urarsa? Akwai wasu motoci kusa? Kada ka tambayi abin da ba ka san amsarsa ba.

Naka bayanin kada ya wuce minti biyu, misali: "Ya Mai Shari'a, an tuhume ni da rashin fitilar baya ta biyu. Sashen ya shafi motocin da aka ƙera daga 1 ga Janairu 1958. Tawa an ƙera ta a 1955. Ga kwafin dokar, ga takardar mallaka, ga hoton farantin kamfani. Ina roƙon a sallame ni." Sai ka yi shiru. Labarin yadda ka samo motar da shekarun da ka yi kana gyara ta, ka ajiye wa abokai. Masu tsofaffin motoci mun cika son magana a kansu, kuma a cikin dogon bayanin ne mutum kan saki kalmar da za a kama shi da ita.

In ɗan sandan bai zo ba, ka roƙi a kori ƙarar. Sau da yawa ana yi, wani lokacin kuma ɗagewa ake yi, don haka kada ka gina shirinka a kan rashin zuwansa.

9. Bayan hukunci

In an sallame ka, ka karɓi takardar hukuncin mai hatimi kafin ka bar ginin, bayan wasu makonni ka sake cirar tarihin tuƙinka ka tabbatar ba a sa maki bisa kuskure ba. In an same ka da laifi, tun kana tsaye ka roƙi rangwamen tara, ko biya kaɗan-kaɗan, ko makarantar tuƙi in ƙofarta ba ta rufe ba. Ka tambayi akawu wa'adin ɗaukaka ƙara a ranar, domin gajere ne, kuma a wurare da yawa kotun sama kuskuren doka kawai take dubawa, ba ta karɓar sabuwar hujja. Ranar sabunta inshora in sun tambaya, ka faɗi gaskiya, domin ɓoye tikiti na iya sa su ƙi biyanka ranar da motar ta yi hatsari.

Daga nan ka yi kwafin takardar sallamar, da sassan dokar bel, fitilu da lamba na jiharka, da shaidar ranar ƙira, ka sa su a leda mai hana ruwa cikin akwatin gaban motar. In za ka ƙetara zuwa wata jiha don baje koli, ka buga nata sassan ka ƙara a ciki kafin ka tashi.